Sanarwa ga malaman kimiyya: gwajin renon kiristal da alif

Assalamu alaikum malamai. Waɗanda za su yi gwajin nan na renon kiristal (ƙwaya mai ƙyalli da fuskoki sumul, irin ta gishiri) da ɗalibai a Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru, ga yadda ake yi.

Ku sayi alif, wanda ake tace ruwa da shi, ku daka. A narkar da giram 120 a rabin lita na ruwan zafi, a tace da tsumma mai tsabta cikin kwalba. A zuba kaɗan a faranti ya kwana. Da safe za ku ga ƙananan ƙwayoyi. Ku zaɓi guda mai kaifin gefe, ita ce iri, wato ƙwayar da kiristal zai girma a kanta. A ɗaure ta da zaren nailan, a rataye daga fensir a tsakiyar ruwan kwalbar, bayan ya huce sarai. In da ɗumi, ƙwayar narkewa za ta yi.

Babbar matsalarmu a nan zafi ne. Alif yana narkewa sosai idan ruwa ya ɗumama, shi ya sa abin da ya girma da dare kan ragu da rana. A ajiye kwalbar a ƙasa, kusa da randa, nesa da taga. A rufe bakin da takarda saboda ƙurar hunturu, don kowace ƙura sabon iri ce. Idan ƙwayoyi sun taru a gindi, a juye ruwan a wata kwalba.

Bayan mako biyu yara su ƙirga fuskoki: na alif takwas ne, saɓanin ƙwayar gishiri mai shida. Don Allah kada su ɗanɗana, su kuma wanke hannu.