Yaya, kar a taɓa kuɗin kwanon nan

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida ya iyali, ya ƙafar Inna, ta saki kuwa? Ni alhamdulillah lafiya lau, sanyi ne dai ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, amma an saba. Aikin daren ma ba laifi, ka ce mata ta daina sa abin a ranta.

Toh Yaya maganar Auta ce ta sa na zauna rubutu maimakon in kira, don a waya raina ɓaci zai yi in faɗi abin da bai kamata ba. Labari ya iso ni, kar ka tambaye ni ta bakin wa. Wai an zuga shi ya fito takarar ɗan majalisar jiha, har yaran bakin titi sun fara ce masa Honarabul, kuma wai kuɗin da na turo na kwano da katako shi za a fara taɓawa a sai fom a buga fosta, in an ci a mayar. Dan Allah dan Annabi kar ka bari. Kuɗin nan na rufin ɗakin Inna ne, ba na so damina ta sake samun ta tana tara roba a tsakar ɗaki.

An ce hujjarsa wai mutane sun gaji da wanda ke kan kujerar, tura ɗaya zai faɗi. Ka karanta masa wannan da bakinka, tarihin mazaɓar da nake zaune ne, wani dattijo ɗan Pakistan da muke sahu ɗaya a masallaci shi ya fara ba ni, ni kuma na bi na duba. Nan Sikotilan suna da majalisarsu daban da ta Landan, kamar majalisar jiha a wajenmu sai dai ta fi ƙarfi, tana Edinbara, a 1999 aka buɗe ta, kujeru 129. Unguwarmu Pollokshields a kudancin Gilasgo, da tana cikin mazaɓar Govan, a 2011 aka sake yanka iyakoki ta koma Southside. A lokacin can Gilasgo ta jam'iyyar Leba ce kaf, zaɓen 1999 kujeru goma na yankin duk su suka kwashe, 2003 ma haka.

Akwai wata mata Nicola Sturgeon, lauya ce, 'yar jam'iyyar SNP masu son Sikotilan ta ɓalle daga Birtaniya. Tun 1997 ta nemi kujerar Govan ta majalisar Landan, Mohammad Sarwar ya kayar da ita, shi ne ma Musulmi na farko da ya shiga majalisar Birtaniya. A 1999 tana shekara 28 ta dawo neman ta Edinbara, Gordon Jackson na Leba ya buge ta da ƙuri'a 1,756. A 2003 ta sake fitowa ya sake kayar da ita, ratar ta ragu zuwa 1,235, kuma a kowane karo ana ta cewa mutane sun gaji da Leba, yanzu za su faɗi. Sai 2007 ta samu, shi ma da ratar ƙuri'a 744 kacal. Shekara goma kenan tana bin gida gida a unguwanni ɗaya tana ƙwanƙwasa ƙofa, da jam'iyya a bayanta, da ilimi, da bakin magana. Shi Auta da bai taɓa yin ko kansila ba yana ganin fosta da mawaƙi za su kai shi?

Kuma ga abin da nake so ya gane, nan suna da ƙofa ta biyu. In ka je zaɓe takarda biyu ake ba ka, ɗaya ka zaɓi mutum na mazaɓarka, ɗaya ka zaɓi jam'iyya. Kujeru 73 na mazaɓu ne, sauran 56 ana raba wa jam'iyyu gwargwadon ƙuri'ar da suka samu a yanki, su ɗauko mutane daga jerin sunayen da suka bayar tun farko. To ita duk faɗuwar nan da take yi a 1999 da 2003 tana cikin majalisa ta wannan hanyar, albashinta na tafiya. Haka aka yi a 2021, ɗan Sarwar ɗin nan Anas, shugaban Leba na Sikotilan guda, ɗan gidan masu hali, a unguwar da ake ganin girman babansa, ya zo ya kara da ita a Southside, ta kusa ninka shi, amma ya shiga majalisa ta jerin jam'iyya ya zauna abinsa. A gida wace ƙofa ta biyu gare mu? In daliget suka karɓi kuɗinka da daddare suka zaɓi wani da safe shikenan, sai bashi da hawan jini, kai ma ka ga yadda aka ƙare da Kawu, har yau gonar fadama ba ta dawo ba. Nan kuɗin ajiyar ɗan takara fam 500 ne, in ka samu kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'a ma a mayar maka. A can fom ɗin kaɗai ka san me ake kira, ban da abin da zai biyo baya.

Ni ma fa na yi zaɓen 2021 ɗin, kar ka ga kamar shaci faɗi nake. 'Yan Najeriya masu takardar zama suna da ƙuri'a a nan, har yara 'yan shekara 16 suna yi. Ranar Alhamis ce, ba hutu ba soja ba dangwala yatsa, fensir suka ba ni na yi alama na wuce wajen aiki. Wallahi sai da na ji wani iri, mutum ya zo ƙasar wasu an ƙirga shi.

Kuma kujera ba ta da amana ko ga wanda ya samu. A 2016 SNP ta share mazaɓun Gilasgo duka, Leba da take ganin garin gadonta ne ba ta tsira da ko ɗaya ba. Ita Sturgeon ɗin ta zama shugabar gwamnatin Sikotilan a 2014, ta sauka a 2023, ta kuma ce ba za ta sake tsayawa a 2026 ba. Wanda ya gaje ta Humza Yousaf, Musulmi ne, na mazaɓar Pollok nan maƙwabtanmu, murna muka yi kamar me, shekara ɗaya da 'yan makonni ya sauka.

Na san Auta zai ce ina Turai ina cin daɗi ina hana shi motsi. Ban ga laifinsa ba sosai, shi ne ya kwana da Baba a asibiti har Allah ya karɓi abinsa ni ina nan ko jana'iza ban samu ba, abin nan yana raina kullum. Shi ke kai Inna chemist, shi ke komai. In siyasar yake so da gaske ya fara daga mazaɓar kansila, ya yi wa mutane hidima su san shi, ni in Allah ya hore bayan sallah zan ƙara masa jari a shagon. Amma ba da kuɗin rufi ba, ko na aro, ko na kwana ɗaya.

Abin da za a yi, gobe ko jibi ka je da kanka wajen mai kwanon ka biya shi hannu da hannu, a sauke a gidanka ba gidan Inna ba, don in Auta yana gani zai ce a sayar. Ka ɗau hoton rasit ka turo min ta WhatsApp. Abin da ya ragu ka cire na maganin Inna na wata biyu, ka ba Goggo nata kamar kullum, sauran na kafinta ne, kuma kar a ba shi duka sai ya gama. Kar Inna ta ji wannan maganar, in ta tambaya ka ce gaisuwa ce kawai. In Auta ya yi fushi ka bar shi ya kira ni ranar Lahadi bayan azahar ɗinku, lokacin na tashi daga barci.

Ka gaida Anti da yara, ka ce wa babban na ji sakamakonsa, takalmin yana nan tafe in an samu mai zuwa.

Ƙaninka