Ba kowane wanki ba ne dirai kilin, a riƙa faɗa wa masu kaya gaskiya

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan sana'armu ta wanki da guga.

Abin da ke damuna shi ne yanzu kusan kowane shago sai ka ga an rubuta dirai kilina a allo, amma in ka leƙa ta baya baho ne da omo da burushi. Wankin ruwa ba laifi ba ne, da shi muke ci muke sha, amma mai kaya yana da haƙƙin ya san me za a yi wa kayansa. Dirai kilin na ainihi ba a wanke shi da ruwa, sinadari ne ake zubawa a inji, wanda aka fi sani ana ce masa perc, injin ya yi ta juya kayan har maiƙo ya narke, sannan ya tsane su ya busar da iska mai ɗumi, shi kuma sinadarin ba zubarwa ake ba, tacewa ake a sake aiki da shi. Shi ya sa kwat ta ulu da kayan siliki ke fitowa ba su tsuke ba. A da can kananzir da fetur aka yi amfani da su, yawan gobara ya sa aka bari. Shi ma perc ɗin ba abin wasa ba ne, a Disambar 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba masu sana'ar wa'adin shekara 10 su daina aiki da shi saboda illarsa ga lafiya. To ina ga wanda ke goga wa rigar mutane fetur a ɗan shago ga dutsen gawayi a gefe, don Allah 'yan uwa a daina.

Ku ma masu kaya akwai naku. Sinadarin nan maiƙo yake ci, amma gumi da zoɓo da shayi sai an bi wurin da ruwa daban, don haka in kun kawo kaya ku nuna mana tabon ku ce manja ne ko goro ko turare, kuma kar a bari ya yi wata a ƙasan durowa. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne a goge riga da tabonta, da zarar dutse mai zafi ya hau kai shi kenan ya zauna, sai ka ga wuyan farar riga ya yi ja-ja ga shatin turare a ƙirji, kuma a ce mu ne ba mu iya ba.

Sai shadda. Mutum ya sayi Getzner da tsada tun daga Ostiriya aka kawo ta, ya biya kuɗin aiki, sannan a jiƙa ta a omo ta kwana, a zuba mata Hypo, a murje da burushi a shanya a tsakiyar rana, ina ƙyalli zai tsaya? Ruwan sanyi take so da sabulu mara ƙarfi, a juya ta a shanya a inuwa, sitaci daidai gwargwado, in kuma ana son ta dawo da sheƙi a kai wa masu bugu irin na Ƙofar Mata a Kano, su ɗora a kan gungume su yi ta dukanta da tabarya, wallahi dutsen guga ba ya ba da wannan santsin.

Kayan kanti kuma a duba ɗan ƙyallen da ke ciki, da'ira na nufin dirai kilin, ɗigo ɗaya a hoton dutsen guga wuta kaɗan ke nan, uku kuma mai zafi sosai. In an karɓo kaya a cire su daga leda su sha iska, musamman da damina da suke saurin yin funfuna.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Daga wani mai wanki da guga, Kano