Ofishin ɗorewar muhalli na gundumar Los Angeles da iyakar ikonsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun da gobarar Janairun 2025 ta cinye gidaje a Altadena, ake ta ambaton gundumar Los Angeles ta jihar Kalifoniya a Amurka a labarai, ana kuma cakuɗa ta da birnin Los Angeles. Gundumar tana da birane 88 da mutane kusan miliyan 10, wakilai biyar zaɓaɓɓu ne ke mulkinta. Amma dokokinta na filaye da gine-gine suna aiki ne kawai a yankunan da ba su ƙarƙashin wani birni, irin su Altadena, inda mutane kimanin miliyan 1 ke zaune. Duk wanda bai riƙe wannan ba, zai ɗauka ofishin ɗorewar muhallin gundumar ya fi ƙarfinsa na gaskiya.

A 2016 aka buɗe ofishin, Gary Gero ne shugabansa na farko. A Agustan 2019 wakilan suka amince da tsarin ɗorewar muhalli mai suna OurCounty, mai manufofi 12 da ayyuka 159. Ofishin ba ya haƙa magudana, ba ya dasa itace. Aikinsa tsarawa da bin sahun ma'aikatu.

Abin da ya fi tasiri shi ne Clean Power Alliance, haɗakar da aka kafa a 2017, ta fara ba da wuta a 2018. Ita ce ke sayen lantarki a madadin gundumar da biranen da suka shiga, yayin da kamfanin Southern California Edison ke ci gaba da kai wutar ta wayoyinsa, shi ne kuma ke aika takardar biya. Matakai uku ne: mai arha, matsakaici, da wanda dukkan wutarsa daga rana da iska da makamantansu take. Dabarar tana cikin matakin da kowane birni ya zaɓa wa mazaunansa tun farko, domin kowa ana sa shi ciki kai tsaye sai in ya nemi fita, kuma mutane kaɗan ne ke damuwa su canza. Majalisar birni ɗaya da ta zaɓi mataki na sama ta fi shekarun wayar da kai amfani.

Kuɗin shirin tara ruwan sama da tsabtace shi kuwa daga Measure W suke fitowa, harajin da masu zaɓe suka amince da shi a 2018: senti 2.5 a kan kowace ƙafa murabba'i ta rufi ko siminti da ruwa ba ya nutsewa. Gida mai ƙafa 2,000 na irin wannan fili zai biya dala 50 a shekara. Rabin kuɗin na manyan ayyuka ne, kashi 40 na birane, kashi 10 na hukumar kula da ambaliya, wadda ita ce ke riƙe da shirin, ba ofishin ba.

Dokar robobi ta fara aiki a Mayun 2023: gidajen abinci su daina amfani da kwanon soso, masu zama a ci a wurin a ba su kwanon da ake wankewa. Sai dai gidan abincin da ke ƙetaren titi, in yana cikin wani birni, dokar ba ta taɓa shi.

Rijiyoyin mai ne suka nuna iyakar da kyau. A 2021 wakilan suka yanke shawarar rufe su, dokar ta fito a 2023 da wa'adin shekara 20. A shekarar ne Kotun Ƙolin Kalifoniya ta rushe irin wannan doka ta gundumar Monterey, ta ce dokar jiha ta riga ta mamaye fagen. Sai da majalisar jihar ta zartar da dokar AB 3233 a 2024 kafin ƙananan hukumomi su sami cikakken ikon hana haƙar mai.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano