Tsohon Littafi, Sabon Bugu: A Duba Kafin A Saya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan tsofaffin littattafai da ake sake bugawa. Na daɗe ina koyar da tarihi, kuma abin da nake gani a hannun ɗalibai yanzu yana faranta mini rai, amma akwai inda yake tayar mini da hankali.

A da, in littafi ya ƙare a kasuwa, to shi ke nan. Sai ka yi tattaki zuwa babban ɗakin karatu, a miƙo maka shi ka karanta a zaune, ba a yarda ka fita da shi ba. Sau da yawa ma takardar ta riga ta yi ja, ana taɓawa tana karyewa, domin tun tsakiyar ƙarni na 19 masu yin takarda suka bar tsumma suka koma itace, ita kuwa takardar itace tana ɗauke da sinadarin da ke cin ta sannu a hankali. Shi ya sa za ka ga littafin 1750 da ƙwarinsa, na 1890 kuwa yana marmashewa. Yanzu akwai injin da ke buga kwafi ɗaya tak idan an nema, ga kuma rumbunan intanet irin su Internet Archive, wanda aka kafa a 1996, da HathiTrust na 2008, inda aka ajiye hotunan miliyoyin littattafai. Wannan alheri ne, ba mai musu.

To amma ba kowane sabon bugu ne abin dogaro ba. Wanda na fi amincewa da shi shi ne wanda aka ɗauki hoton kowane shafi na asali aka buga yadda yake, har da lambar shafi da bayanan ƙasan shafi. Haka kamfanin Frank Cass na Landan ya riƙa yi wa littattafan tarihin Afirka a shekarun 1960, haka kuma maɗaba'u da dama na Alƙahira da Beirut suka daɗe suna yi wa manyan littattafan Larabci. Wanda ke ɓata mini rai shi ne wanda aka bar kwamfuta ta karanta hoton shafin ta mayar da shi rubutu, aka buga ba tare da wani ɗan Adam ya bi ya duba ba. Na taɓa riƙe irinsa. Bayanin ƙasan shafi ya kutsa tsakiyar jimla, taswirar da marubucin ke ta cewa a duba babu ita, fihirisan ƙarshe yana tura ka shafukan da ba su dace da komai ba. Inda aka kawo kalmomin Hausa ko na Larabci kuwa, ba a magana, duk sun rikiɗe. Bangon yana sheƙi, cikin kuwa kyan ɗan maciji.

Ko bugu mai kyau ma yana bukatar lura. Labarin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen da ya zaga Borno da Kano da Sakkwato da Tambutu tsakanin 1850 da 1855, ya fito da Turanci a Landan cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858. Bugun Cass na 1965 kuwa juzu'i uku ne. Ɗalibin da ya rubuta "juzu'i na huɗu" bai faɗi bugun da ya duba ba, ya jefa mai juzu'i uku cikin wahalar banza. Abin da ya fi wannan muni shi ne shekarar da ake mannawa a bango. Na sha ganin ɗalibi ya kafa hujja da littafin da aka rubuta kafin a haifi kakansa, yana kiran shi binciken baya-bayan nan, saboda kawai shekarar da ya gani a jiki ta kwanan nan ce. Ban ga laifin yaron sosai ba. Mai bugun ne ya ɓoye masa shekarar asali, kuma ni a wurina wannan ha'inci ne.

Ga abin da nake gaya wa ɗalibaina. Kafin ka saya, shiga WorldCat, kundin da ya haɗa jerin littattafan dubban ɗakunan karatu na duniya, ka ga yaushe littafin ya fara fitowa, juzu'i nawa ne, shafi nawa ne. In hoton na asali yana intanet, buɗe shi ka gwada shafi biyu ko uku da wanda ake tallata maka. Lambar ISBN, wato lambar shaidar da ake ba kowane bugu na littafi, sai wajen 1970 ta zama ruwan dare, don haka in ka gan ta a jikin littafin 1920, ka san sabon bugu ne, sai ka juya bayan shafin farko ka ga ko an faɗi daga wane bugu aka ɗauko. In ba a faɗa ba, ajiye shi.

Akwai kuma littattafan da nema ba ya kawo su, su ne suka fi ba ni tausayi. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare haƙƙin marubuta, bayan gyare-gyaren da aka yi mata, ta ba marubuci haƙƙin mallaka har aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashe da yawa kuma sun kai shi 70. Saboda haka littafin ƙarni na 19 kowa na iya bugawa, amma na 1955 ko 1972 yawanci yana nan a ɗaure. Kamfanin da ya buga shi ya rufe, marubucin ya kwanta dama, magadansa wataƙila ba su ma san suna da haƙƙi a kai ba. Babu mai ƙarfin halin sake bugawa, don tsoron shari'a. A wannan tsakanin ne kuwa aka yi nazari mai yawa a kan harsuna da tarihin ƙasashen da suka sami 'yancin kai. Abin da ke yawo a hannun ɗalibai sai kwafin kwafi, baƙi ƙirin, gefen shafi a yanke, wani babin ma ya ɓace tun hannu na uku.

Ina kira ga 'ya'ya da jikokin marubuta: in mahaifinku ya bar littafi, ku nemi maɗaba'ar wata jami'a ku ba ta izini a rubuce. Ilimi mai amfani yana cikin abubuwan da ladansu ba ya yanke wa mamaci. Su kuma masu bugu, su rubuta shekarar asali a fili, kusa da tasu.

Kai kuma, Malam Edita, da za ka ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata, inda mai neman tsohon littafi zai faɗi sunansa, wanda ya san inda aka sake buga shi ko inda magadan marubucin suke ya amsa, ni zan fara aiko maka da jerin nawa.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin tarihi mai ritaya