Maganin kumburarrun jijiyoyin ƙafa da leza: a fara da sikanin

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili in yi gyara kan maganar da ake yawan yi cewa leza, wato haske mai ƙarfi da ke haifar da zafi, na warkar da kumburarrun jijiyoyin ƙafa ba tare da tiyata ba. Gaskiya ne ba a yanka, amma mutane da dama sun ɗauka haske ne ake haska wa fata daga waje. Wancan na ƙananan jijiyoyi ne masu kama da saƙar gizo, ba ya taɓa tushen ciwon.

Galibi tushen yana cikin babbar jijiyar da ta taso daga idon sawu zuwa matsematsi. Ƙananan ƙofofin cikinta ne ke lalacewa, jini ya riƙa komawa ƙasa yana taruwa. Shi ya sa dole a yi sikanin mutum yana tsaye. Idan jinin na komawa baya fiye da rabin daƙiƙa, ƙofofin sun gaza.

Wajen aikin, ana huda jijiyar da allura kusa da gwiwa, a zura siririn zaren leza har ya rage kamar santimita 2 ya kai mahaɗarta da jijiyar can ciki. Sai a zagaye jijiyar da ruwa mai yawa na maganin kashe raɗaɗi. Wannan ruwa, a ganina, shi ne rabin aikin, domin yana matse jijiyar a jikin zaren, yana kuma kare fata da jijiyoyin ji daga ƙuna. Daga nan a kunna leza, a riƙa janyo zaren a hankali, zafi ya toshe jijiyar, jini ya bi lafiyayyun hanyoyi. Duka bai cika wuce awa guda ba, mutum ya tashi ya taka nan take, ya sa safar matsi mako ɗaya zuwa biyu.

In zafin ya yi kaɗan jijiyar na iya sake buɗewa. In an gangara ƙasa da gwiwa sosai, fatar ƙwauri na iya daina jin taɓi na wasu watanni. Abin tsoro shi ne gudan jini a jijiyar ciki: ƙafa ta kumbura farat ɗaya ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti.

Mai juna biyu ta jira sai ta haihu. Wanda jijiyarsa ta ciki ta toshe kuwa, a kula ƙwarai, don ta wajen ce ta rage wa jininsa hanya.

Na gode,
Wani likitan jijiyoyin jini