Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Ɗalibanmu Kan Bairas Masu Kashe Bakteriya

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai.

An yi tarukan wata-wata yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne bitar da muka shirya wa 'yan kulob ɗin kimiyya. Ɗakin gwaje-gwaje ya cika maƙil, wasu yaran a tsaye suka wuni. Malamin nazarin ƙananan halittu da ya jagorance mu ko kuɗin mota bai karɓa ba, Allah ya saka masa. Ya faɗa wa yaran cewa Frederick Twort ne ya fara lura da bairas masu kashe bakteriya a Ingila a 1915, sai Félix d'Hérelle a Faransa a 1917, kuma cibiyar Eliava da ke Tbilisi a ƙasar Jojiya, wadda aka kafa a 1923, har yau tana jinyar marasa lafiya da su. Da ya ɗaga farantin da ake renon bakteriya a ciki sama kuwa, sai aka yi ta turereniya. Bakteriyar E. coli ta lulluɓe fuskar farantin kamar hazon hunturu, amma ga ɗigo-ɗigo garau a warwatse. Kowane ɗigo daga ƙwayar bairas guda ya faro: ta shiga bakteriya, ta hayayyafa a cikinta, ta fasa ta, 'ya'yan suka afka wa na kusa. Wata yarinya daga unguwar Gangare a nan Jos ta ce, "Malam, to mu ba za ta kama mu ba?" Ya ce a'a, bakteriya kaɗai take kamawa, galibi ma nau'i ɗaya tak, shi ya sa ake sa rai da ita kan cututtukan da suka daina jin magani.

Kafin la'asar yaran da kansu sun rubuta tsarin aikinsu. Za su ɗebo ruwa daga kogin Dilimi da kwatocin unguwa, su tace, su gauraya da E. coli ta ɗakin gwaji marar cutarwa, su zuba a faranti ya kwana cikin ɗumi, da safe su ƙirga ɗigon, sannan su kwatanta ruwan damina da na rani. Su ne ma suka ce a ware farantin da ba a zuba wa ruwan kogi ba don a ga bambanci. Duk wanda bai zo ba ya yi asara, kuma mun san waɗanda ba su zo ba.

Masu tambaya a WhatsApp me ya sa har yanzu ba a fara ba, ga amsarku. Ruwan nan ba da ƙyalle ake tace shi ba. Sai da matata mai ramuka maikiromita 0.22, ƙanana da ido ba ya gani, wadda ke tare bakteriya ta bar bairas ya wuce, kuma odarta ake yi. Farantai suna bukatar ɗumin digiri 37 dare guda cur, a garin da ake kwana da bargo. Inkubetar da aka ara mana, wato akwatin ɗumama farantai, sai da wuta, wuta kuma sai da janareto. Safar hannu da tukunyar tururin da za a dafa farantai kafin a zubar ba abin da za mu yi sakaci da su ba ne, 'ya'yan mutane ne a hannunmu. Ziyarar cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ma kuɗin bas ne ya tsayar da ita.

Duk wannan daga kuɗin wata-wata zai fito, amma ko rabinmu ba su biya ba. Hajiya ma'aji ta gaji da kira, ni ma na gaji da jin "zan turo anjima". Abin haushin, masu yawan shawara a waya su ne ba a ganinsu a taro.

Idan ba mu ɗebi ruwa kafin damina ta ɗauke a Oktoba ba, kwatancen ya tafi sai baɗi, lokacin da yawancin yaran suka shiga hidimar WAEC. Hajiya za ta zo taro na gaba da littafin rasit, kuma kwamiti ya amince a karanto sunayen masu bashi.

Sakatare