Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobi: Mai Keke, Direban Bas, da Alkawuran da Muka Ɗauka Bara

Assalamu alaikum, shugaba, dattawan ƙungiya, da sauran 'yan uwa membobi maza da mata.

A madadin kwamitin zartarwa, ina gabatar muku da rahoton ayyukan shekarar da ta ƙare kamar yadda tsarin mulkin ƙungiyarmu ya tanada. Za ku tuna cewa a babban taron bara mun amince mu jingine sauran buƙatunmu mu fuskanci abu guda, wato haɗarin da mai keke yake shiga idan ya haɗa hanya da manyan motocin bas a titunan da suka fi cunkoso, musamman inda aka ware wa bas layinta. A ranar mun yi alkawarin zama da direbobi, da auna faɗin layukan bas domin mu kai koke da hujja, da buga takardar wayar da kai, da kuma raba fitilu da riguna masu ƙyalli. Na farko ya yiwu fiye da yadda muka zata, na biyu ya tsaya a rabin hanya, sauran biyun kuwa ba su tashi ba, kuma zan bayyana dalili domin kada a ɗora wa kwamiti laifin da ba nasa ba.

An gudanar da tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, bayanansu suna cikin littafin ƙungiya ga mai son dubawa.

Babban abin alfaharinmu a bana shi ne ranar musayar kujera da muka yi da direbobi a garejin wani kamfanin bas, a ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun shekarar 2018 a matsayin Ranar Keke ta Duniya. Dabarar ba mu muka ƙirƙiro ta ba, domin 'yan sandan Landan sun daɗe suna zaunar da masu keke a kujerar direban babbar mota su ga abin da yake gani da wanda ba ya gani. Abin da muka yi shi ne muka roƙi shugaban garejin ya ba mu aron bas guda mai tsawon kusan mita 12, tare da direbobin da ba sa kan aiki a ranar, kuma ya amince ba tare da ya nemi komai a hannunmu ba. Muna yi masa godiya, Allah Ya saka masa da alheri.

Da farko aka ajiye bas ɗin a tsakiyar fili, membobi suka jera kekunansu kewaye da ita, wasu a gaba, wasu a baya, wasu a gefen da yake bin bakin titi. Daga nan kowa ya riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya yana zama a bayan sitiyari, direba yana tsaye kusa da shi yana nuna masa madubai, ana tambayarsa keke nawa yake iya gani. Kusan duk wanda ya zauna ya sauko jikinsa a sanyaye, domin mutanen da ya bari tsaye a ƙasa da kekunansu sun ɓace masa ƙurmus. Ginshiƙin da yake tsakanin gilashin gaba da ƙofa kaɗai ya isa ya ɓoye mutum da kekensa, kuma da muka sa wasu suka tsaya a bakin ƙofa kamar fasinjoji a lokacin cunkoso, sai madubin wannan gefen ma ya rufe. Mun zagaye wuraren da idon direba ba ya kaiwa da alli a kan kwalta, sai ga shi wurin da yawancinmu muka saba tsayawa idan danja ta tsayar da mu, tsakanin bas da bakin titi, yana tsakiyar zanen. Lalle gani ya kori ji, domin shekaru muna faɗin wannan magana a taro ba ta shiga kunne kamar yadda ta shiga a wannan rana ba.

Darasi na biyu shi ne na shan kwana, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci. Mun jera kwalayen da babu komai a cikinsu a gefen da bas za ta juya, direba ya ja ta a hankali, tayoyin gaba suka wuce ba su taɓa ko ɗaya ba, amma tayoyin baya suka bi ta kansu suka murƙushe su. Dalili shi ne tayoyin baya na doguwar mota ba sa bin sawun na gaba, suna yanke kwanar ne ta ciki, kuma gwargwadon tsawon motar gwargwadon yankewar, balle a kai ga bas mai haɗe biyu wadda takan kai mita 18. Saboda haka ne direba yakan fara buɗewa zuwa ɗaya gefen kafin ya juya, sai mai keke ya ga fili ya samu, ya kutsa ciki yana zaton an ba shi hanya, alhali ya shiga wurin da zai rufe nan take. A daidai lokacin kuma bayan motar yana watsawa waje ta ɗaya ɓangaren, yana iya bugun wanda yake ƙoƙarin wuce ta.

Daga nan aka juya, direbobi suka hau kekunanmu suna tafiya a kan layin da muka zana, abokin aikinsu yana wuce su da bas a hankali, da farko kusa da su, daga baya da tazarar mita 1.5, wadda dokokin hanya na Birtaniya suka sanya tun watan Janairun 2022 a matsayin mafi ƙarancin tazarar wuce mai keke a gudun cikin gari. Wani dattijo daga cikinsu, wanda ya daɗe yana tuƙi, ya shaida mana cewa bai taɓa sanin iskar bas da ƙararta suna girgiza mai keke haka ba. Su ma sun faɗa mana nasu, kuma ya kamata mu saurara da adalci. Direban da yake ɗauke da fasinjoji a tsaye, cikinsu akwai tsofaffi da masu goyo, ba ya iya taka burki da ƙarfi ba tare da ya zubar da mutane ba. Motar da take gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wato fiye da tsawon bas ɗin kanta, kafin ma ƙafar direba ta kai ga burki. Sun kuma yi kuka da masu keken da suke kama jikin bas tana jan su, da masu tafiya da dare babu fitila, da masu toshe kunne da abin sauraron waya, alhali sababbin bas masu amfani da lantarki ba su da ƙarar da muka saba dogara da ita.

Kafin a tashi, ɓangarorin biyu sun yi alkawari. Mu masu keke ba za mu shiga tsakanin bas da bakin titi ba idan ana kusa da mararraba ko tasha, za mu tsaya a bayanta ko mu yi gaba sosai inda direba zai gan mu, kuma za mu riƙe cewa muddin ba ma ganin fuskar direba a madubinsa, to shi ma ba ya ganinmu. Direbobi kuma sun yarda ba za su wuce mai keke ba idan tasha tana gabansu kaɗan, domin wuce shi sannan a yanko gabansa a tsaya shi ne yake matse shi a bakin titi. Wannan matsala tana yawan faruwa ne saboda bas mai tsaye-tsaye da keke mai tafiya a jere sukan yi ta wuce juna a hanya ɗaya, kowace wucewa kuwa dama ce ta haɗari. Membobi da dama sun ba da rahoton cewa tun daga lokacin direbobin wannan gareji suna ɗaga musu hannu a hanya suna ba su wuri.

Game da auna layukan bas, wasu sun yi ta tambaya me ya sa har yanzu koke bai kammala ba. Aikin yana buƙatar mutum uku a lokaci guda, biyu su riƙe tef, ɗaya ya tsaya yana lura da motoci, kuma ba ya yiwuwa sai da sassafe kafin titi ya cika. Mutane da yawa sun rubuta sunayensu a taro, amma idan ranar ta zo sai a tarar da fuskokin nan da aka saba gani, wani lokaci ma ba su cika ukun ba, kuma ba zan taɓa yarda mutum biyu su durƙusa a tsakiyar titi babu mai tsaron bayansu ba. Ma'aunin da muke dogara da shi shi ne jagorar da ma'aikatar sufuri ta Birtaniya ta fitar a shekarar 2020, wadda ta ce layin bas da ake haɗawa da keke ya kasance aƙalla mita 4, an fi son 4.5, kuma a guji faɗin da yake tsakanin mita 3.2 da 3.9. Hikimar ita ce irin wannan faɗi yana ruɗin direba ya ga kamar zai iya wucewa a cikin layin, alhali babu isasshen wuri. Wasu daga cikin wuraren da muka samu aunawa sun faɗa cikin wannan faɗi mai haɗari, mun kuma miƙa abin da muka tattara ga hukumar da abin ya shafa, muna jiran amsa.

Akwai kuma saɓanin da ya jinkirta rubuta koken. Wasu membobi suna son mu nemi tashoshin da hanyar keke take zagayawa ta bayansu, irin waɗanda ake gani a Holand da Landan, domin keke da bas su daina haɗuwa a wurin ɗaukar fasinja. Wasu kuma sun tunatar da mu cewa ƙungiyoyin makafi sun koka da wannan tsari, tun da dole fasinja ya tsallaka hanyar keke kafin ya isa bas, kuma wannan kuka ne da bai kamata mu yi watsi da shi ba. Ra'ayina shi ne mu fara da abin da ba ya buƙatar fasa titi: a hana ajiye motoci da kasa kaya a layin bas, abin da yake tilasta mana fita tsakiyar motoci ba shiri, a kuma rage gudu zuwa kilomita 30 a awa a inda mutane da ababen hawa suke cakuɗuwa, kamar yadda taron ministoci na duniya kan kiyaye haɗurra ya nema a Stockholm, babban birnin Sweden, a watan Fabrairun 2020.

Takardar wayar da kai an gama rubuta ta, wata 'yar uwa ta zana hotunanta kyauta, amma mai ɗab'i ba zai taɓa aiki ba sai an ba shi kafin alkalami. Rashinta yana damuna ƙwarai, domin a cikinta ne muka bayyana cewa ba kowane layin bas ne aka yarda keke ya shiga ba. A Landan da Faris an buɗe wa masu keke yawancin layukan bas na gefen titi, amma keɓaɓɓun hanyoyin bas masu sauri, irin wadda birnin Kuritiba na ƙasar Brazil ya fara a 1974 da wadda birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ya buɗe a 2000, an gina su ne domin bas ta yi gudu babu tsaiko, kuma mai keken da ya shiga irinsu ya jefa ransa cikin haɗari. Sababbin membobinmu ba su san wannan bambanci ba, sun ɗauka duk layin da babu ƙananan motoci nasu ne. Fitilu da riguna masu ƙyalli ma dalilin tsayawarsu ɗaya ne da na takardar.

Wannan ya kawo ni ga batun kuɗin wata-wata, wanda na gaji da maimaita shi. Mafi yawan membobi ba su cika biyan na bana ba, wasu ma tun na bara ake bin su. Ɗan abin da ya shigo asusu, kwamiti ya kashe kaso mai yawa daga ciki wajen taimaka wa ɗan uwanmu da ya karye a hannu lokacin da wata bas ta matse shi a bakin tasha, kuma babu wanda zai ce wannan kuskure ne. Muna roƙon Allah Ya ƙara masa lafiya. Ragowar ta tafi ga hidimar ranar musayar kujera, rasit ɗin kowane abu yana hannun ma'aji. Abin da yake ɓata mini rai shi ne waɗanda suka fi kowa turo bidiyon haɗari a zauren WhatsApp suna tambayar me ƙungiya take yi, su ne sunayensu suke cikin jerin masu bashi, ba su zo gareji ba, ba su fito awo ba, ba sa ɗaukar waya idan ma'aji ya kira. Ni da ma'aji ba albashi muke karɓa ba, muna da iyali da sana'a kamar kowa, kuma lokacin da muke ɓatawa wajen bin bashi shi ne wanda ya kamata mu ba rubuta koke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato irinmu, don haka wannan ba aikin da za a bar wa mutum kaɗan ba ne.

Shugaban garejin ya ce a shirye yake a sake ranar musayar kujera, da sharaɗin mu ba shi sunayen masu zuwa tun da wuri domin ya tsara aikin direbobinsa, kuma kwamiti yana son a wannan karon a fara da waɗanda ba su halarta ba. Muna kuma ba da shawarar a yi hawan keke na tunawa da waɗanda suka rasu a hanya a Lahadi ta uku ta watan Nuwamba, ranar da duniya ta ware domin haka, idan an samu masu tsaron gaba da baya. Kwamiti zai gabatar wa babban taro buƙatar a naɗa mataimakin ma'aji wanda aikinsa kawai karɓar kuɗin wata-wata, a kuma yanke hukunci kan matsayin wanda ya shekara bai biya ba kuma bai kawo uzuri ba. Wanda yake cikin matsi ya same ni ko ma'aji a keɓe, za a saurare shi a rufa masa asiri. Sauran kuwa su biya abin da ake bin su kafin ranar taro, domin mu kai wa mai ɗab'i kafin alkalami a makon da zai biyo baya.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya,
a madadin kwamitin zartarwa